Tenerife, 1977: Jirage Biyu a Titi Ɗaya

Babu ko ɗaya cikin jiragen nan biyu da ya yi niyyar zuwa tsibirin Tenerife ranar Lahadi, 27 ga Maris, 1977. Na kamfanin KLM ya taso daga Amsterdam ɗauke da 'yan yawon buɗe ido, galibinsu mutanen Holan, har da yara sama da hamsin. Na kamfanin Pan Am kuwa daga Los Angeles ya taso, ya yada zango a New York, cike da dattawan Amurka waɗanda akasarinsu sun yi ritaya, za su je su hau jirgin ruwa su sha iska a tekun Bahar Rum. Duka biyun ƙirar Boeing 747 ne, wanda a lokacin babu jirgin fasinja da ya kai shi girma, kuma duka biyun Las Palmas suka nufa, a tsibirin Gran Canaria.

Tsibiran Kanari mallakin Sifaniya ne, amma a gefen Afirka suke, yamma da gaɓar Maroko, kuma daga nan rigimar ranar ta samo asali. Akwai wata ƙungiya mai suna MPAIAC, wadda wani lauya, Antonio Cubillo, yake jagoranta daga Aljeriya, tana neman a ba tsibiran 'yancin kai bisa hujjar cewa ƙasar Afirka ce Turawa suka mallake. Da ƙarfe 1:15 na rana bam ɗin da 'yan ƙungiyar suka dasa ya tashi a wani shagon sayar da furanni cikin filin jirgin Las Palmas, ya ji wa mutum takwas rauni. Aka kuma yi barazanar cewa akwai na biyu. Hukuma ta rufe filin, aka ce duk jirgin da ke tafe ya karkata zuwa Los Rodeos, ƙaramin filin jirgi da ke tsibirin Tenerife, tafiyar da ba ta wuce minti 25 a sama ba. Matuƙan Pan Am sun roƙi a bar su su yi ta shawagi har a buɗe Las Palmas, domin suna da isasshen mai. Aka ce a'a, su sauka.

Los Rodeos ba a gina shi don irin wannan baƙunci ba. Titin tashi da sauka guda ɗaya ne, sai wata hanya a gefensa da jirage ke bi a hankali su isa bakin titin, da ƙananan mahaɗai huɗu da suka haɗa su. Filin yana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, tsakanin duwatsu, inda gajimare ke taɓa ƙasa. Wanda ya saba da hazon hunturu a Kano ya san hazon da ke kwana ya wuni. Na Los Rodeos daban yake: gajimare ne iska ke korowa guntu-guntu, yanzu kana hangen ƙarshen titi, bayan minti biyu ba ka ganin abin da ke gabanka. Hasumiyar filin ba ta da na'urar rada mai nuna jiragen da ke ƙasa. Fitilun tsakiyar titi sun lalace. Mahaɗan nan huɗu kuma babu allon da ke nuna lambar kowanne. Da gari ya rufe, jami'in hasumiya ba shi da ido sai kunnensa.

Kafin la'asar manyan jirage sun cika dandalin ajiye jirage har sun toshe hanyar gefe. KLM ya sauka da ƙarfe 1:38, Pan Am ya biyo baya da 2:15, aka ajiye shi a bayansa.

Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, ɗan shekara 50, ba ƙaramin mutum ba ne a kamfaninsa. Shi ne shugaban masu horar da matuƙan 747, hotonsa ne ma a tallar kamfanin cikin mujallar da ake ajiye wa fasinjoji a kujera. Ya yi awa kusan 11,700 a sama. Sai dai a shekarun baya-bayan nan yawancin aikinsa a na'urar koyon tuƙi yake, wadda ke kwaikwayon ɗakin matuƙa tana nan a ƙasa, kuma ya shafe makonni 12 bai tuƙa jirgin haya ba. Daga baya masu bincike sun tsaya a kan wannan, domin a cikin na'urar koyo malami shi ne hasumiya, shi ke ba da izinin tashi, ba ya jiran kowa. Mataimakinsa, Klaas Meurs, gogaggen matuƙi ne a wasu jiragen, amma awa 95 kacal ya yi a 747, kuma van Zanten ne ya jarraba shi ya tabbatar da shi a kan jirgin wata biyu da suka wuce. Na ukunsu injiniya Willem Schreuder, wanda ya fi su duka yawan awoyi a sama.

Abin da ke cin ran van Zanten agogo ne. Ba a daɗe ba da Holan ta tsaurara dokar iyakar awoyin aikin matuƙa. Da can kyaftin yana da ikon ƙara 'yan awoyi in ya ga hali, yanzu kuwa wanda ya ƙetare iyaka yana iya rasa lasisinsa, har a gurfanar da shi. In dare ya yi musu a Tenerife, sai an nemo wa mutum sama da 200 masauki a tsibirin da ya riga ya cika, jirgi ya kwana, jadawalin kamfani ya rikice. Don ya rage ɓata lokaci a Las Palmas, sai ya yanke shawarar shan mai a nan, lita dubu 55 da 'yan kai, wanda zai ishe shi har Amsterdam. Ana cikin zuba man aka ce an buɗe Las Palmas.

Pan Am a shirye yake, fasinjojinsa suna zaune. Amma KLM da tankar mai sun tare hanya. Mataimakin matuƙi Robert Bragg da injiniya George Warns suka sauko ƙasa suka auna da ƙafa ko za su iya raɓawa su wuce, suka tarar saura kimanin mita huɗu hanya ta ishe su. Haka suka koma suka zauna. Shan man ya ci minti 35. Aka kuma ɓata wani lokacin wajen neman wani iyali mai mutum huɗu da ba su dawo cikin jirgin KLM ba. Wata ma'aikaciyar kamfanin yawon buɗe ido, wadda dama a Tenerife take zaune, ta ga babu dalilin ta je Las Palmas ta dawo washegari, ta yi zamanta. Ita kaɗai ce ta rayu cikin waɗanda suka taso daga Amsterdam. A cikin wannan jinkiri ne gajimare ya sauko.

Tun da hanyar gefe a toshe take, dole jirage su bi ta kan titin tashin kansa, su gangara har ƙarshensa, su juyo su fuskanci inda suka fito, sannan su tashi. Wajen ƙarfe biyar saura kaɗan aka ce wa KLM ya yi haka. Bayan 'yan mintoci aka ce wa Pan Am ya bi bayansa a kan titin, amma ya fita ta mahaɗa ta uku a hagunsa ya koma hanyar gefe, don titi ya zama fili.

Tun a nan magana ta fara tangarɗa. Jami'in hasumiya Basifaniye ne, matuƙan KLM mutanen Holan, na Pan Am Amurkawa, ana magana da Turanci ta rediyo mai ƙara. A Turanci "na farko" da "na uku" suna kusa a kunne, musamman a bakin wanda ba harshensa ba ne. Kyaftin Victor Grubbs na Pan Am ya ji kamar na farko aka ce, Bragg ya ce na uku ne. Suka sake tambaya. Jami'in ya amsa dalla-dalla: na uku, ɗaya, biyu, uku, na uku. Suka buɗe taswirar filin suna ƙirga mahaɗai cikin hazo, wani lokacin ba sa ganin abin da ya wuce mita 100. Sun gane ta farko, sun gane ta biyu. Ta ukun kuwa baya take kallo: jirgi mai girman 747 sai ya yi kwana mai tsanani ta digiri 148, ya shiga siririyar hanya, ya sake yin wata irinta. Ta huɗu ita ce ta kwanta daidai da inda suka dosa. Ko ba su ga ta ukun ba ne, ko sun ɗauka ba ita ake nufi ba, sun dai wuce ta, suna tafiya a hankali a tsakiyar titi.

A can ƙarshen titi KLM ya gama juyawa. Van Zanten ya fara tura injina. Meurs ya tare shi: dakata, ba mu da izinin hanya tukuna. Kyaftin ya janye hannu, ya ce na sani, tambaye su.

Ya kamata a fahimci cewa izini iri biyu ne. Akwai izinin hanya, wato bayanin inda jirgi zai bi bayan ya tashi: tsayin da zai hau, ɓangaren da zai juya. Akwai kuma izinin tashi, wanda ke nufin titi fili ne, ka tafi. Samun na farko ba ya ba ka na biyu. Meurs ya kira hasumiya ya haɗa biyun a numfashi ɗaya: mun shirya tashi, muna jiran izinin hanya. Jami'in ya ba shi izinin hanya, ya ce su nufi alamar rediyo da ake kira Papa, su hau ƙafa 9,000, su juya dama bayan tashi. Kalmar tashi ta fito daga bakin hasumiya ke nan, ga mutumin da tun azahar ita yake jira.

Meurs yana cikin maimaita umarnin, van Zanten ya saki birki, ya ce da harshen Holan, mu tafi. Meurs ya ƙarasa maimaitawar da sauri, ya ƙara da wata jimla da babu ita a ƙa'ida, wadda har yau ake gardamar yadda ya furta ta: ko dai "yanzu muna wurin tashi" ko kuma "yanzu muna tashi". Jami'in hasumiya, wanda bai ba da izini ba kuma bai ga dalilin da wani zai motsa ba, ya ɗauka na farkon ake nufi. Ya ce, oke. Ya ɗan yi shiru kusan sakan biyu. Sannan ya ƙara: ku dakata da tashi, zan kira ku.

A ɗakin matuƙan Pan Am kuwa maganar Meurs ta tayar musu da hankali. A daidai wannan ɗan shirun, Bragg ya danna makunnin rediyo ya ce, mu fa har yanzu muna kan titi, Clipper 1736, wato sunan da ake kiran jirginsu da shi a rediyo.

Rediyon jirage layi ɗaya ne da kowa ke saurare, amma mutum ɗaya ne zai yi magana a lokaci guda, kamar oba-oba. In biyu suka danna tare, muryoyin sai su ci juna, masu saurare su ji ƙara mai tsini. Mai magana kuma ba ya jin komai, bai ma san an take maganarsa ba. Abin da ya faru ke nan. Jami'in hasumiya ya faɗi kalmar da za ta tsayar da KLM, Bragg ma ya faɗi tasa, kowacce ita kaɗai ta isa, amma suka faɗe su a sakan guda. Abin da ya shiga kunnen van Zanten a sarari shi ne oke, sai ƙara ta sakan uku.

Duk da haka saura dama ɗaya. Hasumiya ta ce wa Pan Am ya sanar in ya bar titi, Bragg ya amsa cewa za su sanar in sun fita. Wannan musayar ta shiga ɗakin matuƙan KLM tsaf. Sai dai a wannan karon jami'in ya kira jirgin da "Papa Alpha 1736" maimakon "Clipper" da ya yi ta amfani da shi tun farko, kuma matuƙan biyu hankalinsu yana kan titi mai hazo da allon gudu. Injiniya Schreuder ne kaɗai ya tsinkayi maganar. Ya ce, ashe bai fita ba? Kyaftin ya ce, me ka ce? Ya sake: bai fita ba, Pan American ɗin nan? Van Zanten ya amsa da ƙarfi, ya fita mana. Schreuder bai ƙara cewa komai ba.

Wannan shirun na Schreuder ya fi komai tsaya mini a rai cikin labarin. Mutum ne da ya yi awa sama da 17,000 a sama, ya ji abin da ya ji, hannunsa na iya kaiwa ga injina. Amma ya sa shakkarsa cikin sigar tambaya, babba ya amsa da tabbaci, magana ta mutu. Meurs ma ya riga ya gyara wa malaminsa sau ɗaya minti guda da ya wuce, kuma gyara wa babba sau biyu a jere abu ne mai nauyi a kowace al'umma. Mu da muka tashi cikin tarbiyyar kada yaro ya musa wa na gaba, bai kamata mu yi saurin ganin laifinsu ba.

A Pan Am, Grubbs ya riga ya ce su yi maza su bar wurin nan. Abokan aikinsa suna ta mita cewa mutumin da ya tsare su tun ɗazu shi ne yanzu yake gaggawa. Suna dab da mahaɗa ta huɗu sai suka hango fitilu cikin hazo, da farko dishi-dishi, sannan suka ga fitilun suna rawa, alamar jirgin a guje yake. Grubbs ya buɗe injina gaba ɗaya ya karya kan jirgin hagu zuwa ciyawa, Bragg yana ihu, fita, fita, fita. Van Zanten ma ya gan su. Gudunsa ya wuce na tsayawa, sai ya ja jirgin sama da ƙarfin tsiya har wutsiyarsa ta kankare kwalta tsawon mita 20. Hancin ya tsallake. Amma jirgin ya yi nauyi da man da ya sha, ƙafafunsa da injinansa suka yanke saman Pan Am, yana gudun kusan kilomita 260 a awa. Ya faɗi mita 150 gaba, ya ja ciki wasu mita 300, ya kama da wuta. Ƙarfe 5:06 na yamma.

Bragg ya ba da labarin cewa ya miƙa hannu sama don ya kashe injina, sai ya tarar babu rufin, sararin sama yake kallo. Waɗanda suka tsira daga Pan Am yawancinsu ta ramukan da suka buɗe a jikin jirgin suka fita zuwa kan fiffiken hagu, suka yi ta dirowa ƙasa, injina na ci gaba da juyawa. Hasumiya ta ji fashewa biyu amma ba ta ga komai ba. 'Yan kwana-kwana suka bi hasken wuta suka isa gawar KLM, suka duƙufa a kanta, ba su san akwai jirgi na biyu ba. Da suka hango wata wutar can nesa sun ɗauka ɓangaren jirgin farko ne ya ɓalle. Kusan minti 20 suka wuce kafin a kai ga Pan Am, inda masu rai suke.

Mutum 248 da ke cikin KLM babu wanda ya fita. Cikin 396 na Pan Am, 335 suka mutu, 61 suka rayu, har da matuƙan uku. Jimilla 583. Shekara huɗu kafin nan, a Janairun 1973, hatsarin jirgin alhazai a Kano, wanda ya ci mutum 176 suna dawowa daga Jidda, shi ne mafi muni da duniya ta taɓa gani. Na jirgin Turkiyya kusa da Paris a 1974 ya wuce shi, inda mutum 346 suka mutu. Tenerife ya shafe su duka, kuma har yau babu hatsarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka, alhali a ƙasa ya faru.

A wurinmu da an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, an yi addu'a, an rufe babin. Gaskiya ne an jera abubuwan da in ɗaya ya kauce da ba a yi hatsarin ba: bam, shan mai, mita huɗu, gajimare, mahaɗa ta uku, muryoyi biyu a sakan ɗaya. Amma masu bincike kusan 70 daga Sifaniya da Holan da Amurka sun zauna da na'urorin naɗar murya suna bin kowace kalma da sakan ɗinta, don su ware abin da ba shi da magani daga abin da mutum zai iya gyarawa. Rahoton Sifaniya ya ɗora babban laifi a kan van Zanten: ya tashi ba izini, bai tsaya ba da aka ce ya dakata, bai tsaya ba da injiniyansa ya yi tambaya. Mutanen Holan ba su ji daɗin wannan ba. Suka ce rashin fahimtar juna ce, suka nuna cewa hasumiya ta yi amfani da kalmomin da ba na ƙa'ida ba, Pan Am ya wuce mahaɗarsa, har suka yi zargin cewa ana sauraron wasan ƙwallo a hasumiya. A ƙarshe dai KLM ya karɓi alhaki ya biya diyya.

A ganina kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Babu musu van Zanten ya yi gaggawa. Amma bai tashi yana sane da cewa ba shi da izini ba. Ya yi imani yana da shi, kuma harshen da ake magana da shi a rediyo a wancan lokaci ya bar masa ƙofar yin wannan imanin. Babu wanda ya faɗi ƙarya a ranar. Kowa ya faɗi magana mai fuska biyu, mai sauraro kuma ya ɗauki fuskar da yake so.

Gyaran da ya biyo baya ta nan ya fara. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da hukumomin ƙasashe suka ƙuntata harshen rediyo. Kalmar tashi yanzu ba ta fita daga bakin jami'in hasumiya ko matuƙi sai a wuri biyu: lokacin ba da izinin tashi, da lokacin soke shi. A duk sauran magana wata kalma dabam ake amfani da ita, mai ma'anar barin gari. Oke ko "na ji" ba sa zama amsa ga umarni mai muhimmanci; dole matuƙi ya maimaita umarnin da lambar titi da sunan jirginsa, jami'i kuma ya saurara ya gyara in an kauce. Izinin hanya kuma akasari tun jirgi yana wurin lodi ake ba da shi, don kada ya haɗu da na tashi a bakin titi.

Gyara na biyu ya fi wuya, domin halin mutum ya shafa. Bayan Tenerife, da wani hatsarin jirgin United a Portland a Disambar 1978, inda mai ya ƙare kyaftin yana fama da matsalar ƙafar jirgi, na ƙasa da shi kuma ba su matsa masa ba, hukumar NASA ta kira taro a 1979. Daga nan aka fito da horon aiki tare a ɗakin matuƙa, wanda United ya fara a 1981 kuma yau ya zama wajibi kusan ko'ina. Ana koya wa ƙarami ya faɗi damuwarsa kai tsaye, ya maimaita in ba a ji ba, ana koya wa kyaftin cewa tambayar na ƙasa da shi dalili ce ta tsayawa. Tenerife kuma ta samu sabon filin jirgi a kudancin tsibirin a 1978, inda gajimare ba ya sauka haka, aka kuma sa wa Los Rodeos rada ta ƙasa.

Duk da haka matsalar ba ta ƙare ba, sai dai ta sauya kama. A Mayun 2000, a filin Charles de Gaulle na Paris, an ba wani jirgin Faransa izinin tashi da Faransanci, matuƙan wani ƙaramin jirgin kaya na Ingila ba su fahimci abin da aka ce ba, suka shiga titin. Fiffike ya yanki ɗakin matuƙansu ya kashe mataimaki. Ranar 8 ga Oktoba, 2001, a filin Linate na Milan, cikin hazo kuma babu rada ta ƙasa mai aiki, ƙaramin jirgi ƙirar Cessna ya bi hanyar da ba ita aka ce ya bi ba, ya faɗa gaban jirgin SAS mai tashi. Mutum 118 suka mutu, kuma kotun Italiya ta ɗaure jami'ai. Irin waɗannan, da karon da jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi a sama kusa da Delhi a 1996 wanda ya ci mutum 349, su suka sa ICAO ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya na hanyoyin ƙasa da ƙasa cin jarrabawar Turanci zuwa mataki na huɗu cikin shida, daga 2008. Manyan filaye kuma suka sa jajayen fitilu a bakin titi, waɗanda matuƙi ba ya tsallakewa ko da ya ji kamar an ce ya wuce. Rediyon kansa dai yana nan yadda yake a 1977: in biyu suka danna tare, har gobe ƙara ake ji.

Ranar 2 ga Janairu, 2024, a filin Haneda na Tokyo, wani ƙaramin jirgin dakarun tsaron gaɓar teku na Japan yana shirin kai kayan agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa kwana ɗaya kafin nan. Hasumiya ta ce masa ya je ya tsaya a wurin jira, ta ƙara da cewa shi ne lamba ɗaya, wato shi ne na farko a layin masu tashi. Matuƙan suka maimaita umarnin daidai, sannan suka wuce wurin jiran suka hau titi suka tsaya, kusan sakan 40, cikin duhu. Jajayen fitilun wannan mahaɗa ba sa aiki a ranar. Jirgin Japan Airlines ƙirar Airbus A350 da aka ba izinin sauka ya afka musu. Mutum 379 da ke cikin babban jirgin duk sun fita kafin wuta ta cinye shi, amma biyar cikin shida na ƙaramin sun mutu. Kyaftin ɗin, wanda shi kaɗai ya rayu, ya ce ya ɗauka an ba shi izinin shiga titi. Cikin mako guda hukumomin Japan suka hana jami'an hasumiya faɗa wa jirage lambarsu a layin tashi. Bayan wasu watanni suka maido da ita, domin matuƙa sun yi ƙorafin cewa in ba a faɗa musu ba, ba sa sanin wanda ke gabansu da wanda ke bayansu.